Tambarin Da Yake Numfashi

Mai-zane mutum ne mai zargi. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Sana'arsa ita ce a kawo masa tambarin kamfani a shimfiɗe, ya ba shi kauri a kwamfuta, ya sa shi juyi da tsalle don tallar bidiyo. Ya iya daidai gwargwado. Amma da wani babban aiki ya suɓuce masa zuwa shagon maƙwabcinsa, bai ce an fi shi hannu ba. Ya ce akwai lauje cikin naɗi, ya nufi wurin boka.

Ɗakin bokan na bayan wani tsohon gareji, ba ko taga. Madubai ne jere a bango, duk an juya fuskarsu. A tsakiya ga ƙwarya cike da baƙin ruwa mai warin tsatsa.

"Ba jini," in ji Mai-zane tun bai zauna ba. "Ba yanka. Na san halinku."

"Me zan yi da jini?" bokan ya ce, bai ɗago ba. "Abin da ba shi da rai ba ya motsi sai an aro masa. Kafin kowane aiki, ka ɗauki bidiyon wani naka, ka kwaikwayi motsinsa."

"Ai kowa ma haka yake yi."

"To ka ga ba cuta. Wanke idonka da ruwan nan."

Ya laluba maganar ciki da bai, bai ga tarko ba. Ya wanke.

Kamfanin sufuri ya kawo tambarin doki. Mai-zane ya ɗauki bidiyon ƙanensa yana gudu a fili, dokin ya fito yana sukuwa har masu kamfani suka miƙe tsaye. Aiki ya riƙa zuwa kamar ruwan sama: sabon ofis, mota, gidan sama. Ƙanen kuwa ƙafafunsa suka mutu, asibiti suka rasa dalili. Sai tambarin sabulu mai hannu biyu, ya ɗauki mahaifiyarsa tana wanki. Hannayenta suka sandare, baƙin ciki ya ƙarasa ta. Ya zargi maƙwabci, ya kori 'yar aiki, ya daina cin abincin surukai. Kansa ne kaɗai bai taɓa zarga ba.

Matarsa ce ta gane, ranar da ta ga tallar sabulun a talabijin.

"Wallahi hannun Inna ne wannan. Haka take matse tsumma. Baban Auta, kada ka kusanci 'yata da kyamarar nan."

"Wa ya aiko ki? Maƙwabcin nan ko?"

Wani kamfanin katifa ya nemi tambarinsu ya riƙa tashi yana sauka a hankali, kamar mai barci. Rannan da rana uwar ta fita, Auta na barci a kujera. Mai-zane ya tsaya a kanta da kyamara, ya ce wa kansa zancen mata ne. Ya ɗauka.

Kafin la'asar aka gama aikin. Kafin magariba numfashin Auta ya ɗauke, aka kira maƙwabta.

Matar ta tafi, ofis ya watse. Yanzu yana nan gindin babban allon talla a mararraba, ba takalmi, yana daka wa masu mota tsawa su daina hon, yarinya na barci. A samansa tambarin katifar na tashi yana sauka, bai taɓa tsayawa ba.

Kai mai kwaɗayin arzikin gaggawa, ka ji da kyau. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba daga gidan maƙwabci yake karɓar ladansa ba.