Ƙofar da Aka Rataye a Bango

Gab da magariba ne, wata Asabar, a wani fulat na hawa na huɗu a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa. Wasila tana tuƙa tuwo, mijinta Sharfuddeen yana alwala, 'yarsu Halima Sa'adiya, budurwa mai tasowa, tana bitar karatu a falo. Kamar yadda aka koya mata tun a Kano, Wasila ta zaga ta rufe ƙofofi da tagogi da bismillah. Tana komawa kan tukunya sai aka ji ƙwal, dutse ya faɗo tsakiyar falo.

Farin dutse ne mai ramuka, irin na gindin teku, yana warin gishiri. Tagogi a rufe, sama kuma siminti.

Asalin abin, Wasila ta shiga wata ƙungiya ta masu tara kayan zane. Matar ogan mijinta ce ta ja ta. Duk Asabar mota ta kwashe su, Larabawa da Turawa da Indiyawa, zuwa manyan sito-sito na Al Quoz da aka mayar gidajen nuna zane, su tsaya gaban bango suna gyaɗa kai. A ɗakin aikin wani mai zane ta ga tsohuwar ƙofar katako, da madogaranta da ƙusoshinta, wadda aka ciro daga wani gida da aka rushe a Deira. Ya shafa mata shuɗi, ya sa sunansa a ƙasa. Wasila ta saya don kada a ce ita kaɗai ke zuwa kallo. Mai zanen ya gargaɗe ta: a bar ta a ɗan buɗe, ma'anar aikin ke nan. Haka aka rataye ta a bangon falo, baki a sake.

Dutse ya zama na kullum. Da an kira magariba sai ya faɗo, wata rana da yashi. Daga baya aka fara jin sallama, muryar tsoho, ƙasa-ƙasa, ba a san ta ina ba.

Zargi ya cinye gidan. Sharfuddeen ya ce 'ya'yan mutanen hawa na sama ne, har ya hau ya yi musu magana, ya sauko da kunya. Wasila ta ɗora wa maƙwabciyarsu Louisa, nas 'yar Kafanchan, wai tun ranar da ta shigo ta yaba falon abubuwa suka lalace. Ta daina amsa gaisuwarta. Ta kuma tuna Barira, 'yar ƙungiyarsu, wadda ita ma ta so ƙofar.

"Bakin mutane ne, Baban Halima."

"Ko kuma na cikin gida," in ji shi, yana kallon 'yarsa ta wutsiyar ido. "Duba jakar makarantarta."

Aka zazzage jakar. Littattafai ne kawai. Daga ranar yarinyar ta bar cin abinci. Ta rame, idonta ya faɗa. Da rana ta yi ja sai ta miƙe ta tsaya gaban bango, ta ce maraba da wanda ba a gani, da muryar da ba tata ba.

Louisa ɗin da ake zargi ita ce ta tare Sharfuddeen a bakin lif, na'urar hawa bene. Ta ce, "Oga, na ga yarinyar nan. Wannan ba na asibitinmu ba ne. Ku nemi malaminku."

Aka ɗauko Malam Mijinyawa daga Deira, mutumin Sakkwato, mahaddaci, mai ƙarancin magana. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a ƙasa, ya ƙi shayi. Ya jira har Wasila ta zaga ta rufe ko'ina da bismillah. Ya bi ta da ido, sannan ya fara karatu. Yarinyar ta sandare, wuyanta ya karkace.

"Wane ne kai?"

Amsar ta fito da Hausa mai nauyi, kamar wadda aka aro. "Mai gida."

"Gidan nan da mai shi."

"Ƙofata na biyo. Tun kafin a yi titi a garin nan, ta nan nake shiga da magariba. Matar nan tana rufe kowace ƙofa da sunan Allah, ta bar tawa a buɗe. Ba gayyata ba ke nan?"

Wasila ta dafe ƙirji. "Malam, ai ba ƙofa ba ce. Zane ne."

Malam bai waiwayo ba. "Duwatsun fa?"

"Na bangona ne. Ina kwaso su, zan sake gini."

"Yarinyar?"

"Ita kaɗai ta amsa sallamata. Ku ba ni ita, in bar muku falon."

"Ba za ka samu ko silin gashinta ba."

"To ku mayar da ƙofar inda take."

"Inda take yanzu motoci ake ajiyewa. Khalas, shi ke nan, babu gida." Malam ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Can muryar ta yi laushi.

"Ku kafa ta a ƙasa. Ƙofa ba a rataye ta kamar riga. Ku kafa ta inda babu mutane, ku bar ni in shiga in rufe da hannuna."

"Ka rantse ba za ka waiwayo ba."

Mai muryar ya rantse. Halima Sa'adiya ta yi atishawa, ta zube a cinyar uwarta.

Washegari da yamma suka ɗora ƙofar a bayan a-kori-kura, tare da duwatsun a buhu, suka fita bayan gari inda yashi ya fara. Sharfuddeen da Malam suka haƙa, suka kafa ta tsaye, gabanta fili, bayanta fili. Wasila tana cikin mota riƙe da hannun 'yarta. Babu iska ko kaɗan. Da rana ta faɗi, ƙofar ta juya a hankali ta rufe, suka ji an zura sakata ta ɗaya gefen.

A hanyar komawa yarinyar ta ce tana jin yunwa. Wasila ta dafa mata abinci, ta zuba wani a kwano ta kai wa Louisa da kanta.

Ƙusoshin da suka riƙe ƙofar suna nan a bangon falo. Asabar ɗin da ta biyo, motar ƙungiya ta yi ta hon a ƙasa, ta gaji ta tafi.