Gidan da Tasi'u Ya Saya a Gwanjo

Ku matso, ku rage murya. Na yau ba na dariya ba ne.

Tasi'u mai gyaran janareta ne a Gusau, burinsa a kira shi mai gidan haya kafin furfura ta fito. Da ya ji banki zai yi gwanjon gidan wani da bashi ya kayar, sai idonsa ya rufe. Kuɗinsa ko rabi ba su kai ba. Ya jinginar da gonar gadonsu ya cika, wai kuɗin haya za su fanso ta cikin shekara biyu. Araha dai ba ta ado.

Ranar da aka ba shi makulli ya kasa jiran gari ya waye. Da magariba ya tafi shi kaɗai, ya tura ƙofa ya shiga ba sallama. Gidansa ne ai.

Wata takwas gidan na kulle, amma tsakar gida a share fes. A bakin murhu ga wata tsohuwa tsugune tana hura wuta. Babu itace, babu hayaƙi. Tafin ƙafarta bai taɓa ƙasa ba.

"Ka dawo da su?" in ji ta. Bakinta bai motsa ba, daga rijiya muryar ta fito.

"Su wa, Iya?"

"Yaran gidan. Sagir da Uwani. Ni ke kore musu kunama."

"An tashe su, Iya. Ni na saya."

"Ni ba a kawo mini takardar tashi ba. Tun kafin a aza tubali nake nan."

Sai ta miƙo masa takalmin yaro, ƙafa ɗaya, da ɗuminsa.

"Sagir ya manta. Kai masa, kar ƙaya ta soke shi."

Tasi'u bai san yadda ya kai titi ba.

Ya bi sawun iyalin har Kaura, takalmin na aljihunsa, ba wanda ya san inda suka nufa. Sau huɗu yana zuba 'yan haya, ba wanda ya cika mako. Tsohuwar ba ta taɓa kowa ba. Leƙa fuskar yaransu kawai take yi in sun yi barci, tana tambaya: "Kai ne Sagir?"

Wallahi tausayinta nake ji, da nasa. Don haka in kun girma, kada wanda ya shiga gidan gwanjo shi kaɗai, kuma ku tambayi wa aka fitar.

Shekara biyu ta cika, gona ta tafi. Yanzu duk ruwan farko sai a ga Tasi'u tsaye a bakin kunyar gonar, yana kallon wani na shuka.