Ranar da Uwani Ta Sunkuyar da Kai

A Dogarawa akwai wani yaro ɗan lakwal, wato makarantar boko, mai ladabi ƙwarai. Shi da kansa yake faɗa.

Ƙanwarsa Uwani ta yi ciwon sanƙarau. Ta warke, amma ciwon ya tafi da jinta. Sai ta koyi gane magana daga motsin leɓe. In babba na magana, takan zuba masa ido.

Abin ya dami yaron, don ɗan kirki ƙasa yake kallo a gaban manya.

Ranar da sabon mushe, wato malamin lakwal, mai suna Halilu, zai fara aiki, yaron ya tare ta a hanya.

"In kika kalli mushe, sai na make ki," in ji shi. A hankali ya faɗa, yana fuskantarta, don ya san ta haka take ji.

A aji Uwani ta sunkuyar da kai. Mushe ya kira sunanta, shiru. Ya zo kanta yana tambaya, ita tana kallon yatsun ƙafarta. Ya ɗauka raini ne. Ya kama hannunta ya fitar da ita, ya ce kada ta dawo.

"Mi kika yi?" in ji Inna a gida.

"Ban sani ba, Inna. Ladabi na yi, aka kore ni."

"Ni na hana ta kallon manya," in ji yaron. "Mutane na cewa ba ta da kunya."

Inna ta ajiye muciya.

"Ciwo ya toshe mata kunne, kai ka zo ka rufe mata ido. Sannu da aiki, mai ladabi."

Tuwon ranar bai yi masa daɗi ba.

Washegari ya riƙo hannun Uwani har gaban mushe, ya faɗi komai. Mushe ya ce, "Ni ma ban tambaya ba." Ya maido ta bencin gaba. Ya kuma daina magana yana ba aji baya.

Wata rana Baba ya ji a rediyo wai a ƙasar Turawa ana dasa wa kurame na'urar ji a kunne.

"Madalla," in ji Inna. "Kafin ta iso Dogarawa, ku bar ɗiyata ta kalle ku."

Tun daga nan yaron ya koyi darasi: kafin ka gyara wa mutum hali, ka tambayi abin da ya sa yake yinsa.