Ɓarawon Da Ya Kasa Sauka Daga Keke

Insifekta Sodangi bai gama karyawa ba ranar Juma'a da safe, mutum biyu suka shigo caji ofis. Na gaba babban mutum ne mai tumbi cikin sabuwar shadda, yana taku a hankali kamar ya ɗauko ƙwai a aljihu. Na baya saurayi ne siriri, idonsa jawur.

Babban shi ne Alhaji Tukur, dillalin shanu a Kara, kuma uban ƙungiyar tseren keke ta unguwar Gidan Dare. Saurayin Amiru ne, mahauci, wanda ya fi kowa gudu a ƙungiyar.

An sace musu keken tsere.

Sodangi ya nuna wa Alhaji benci. Alhaji ya dubi katakon, ya ce tsayuwa ta fi masa, likita ya hana shi yawan zama.

Amiru ne ya yi bayani. Duk 'yan ƙungiyar kekunan ƙarfe suke hawa, masu faci a kan faci. Keken tsere na gaske guda ɗaya gare su, na gwanjo, Alhaji ya saya musu, wanda rashin nauyinsa ya sa yatsa ɗaya ke ɗaga shi. Wanda ya ci gwajin ƙungiya shi ke hawansa, kuma Amiru ne ya ci. Gobe Asabar za a yi tsere zuwa Wamakko a dawo, a nan za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha. In babu keken, sai dai ya hau wanda yake kai nama da shi, ya iso bayan an naɗe rumfuna.

"Wa kuke zargi?" in ji Sodangi.

"Jafar na," Alhaji ya ce tun kafin Amiru ya buɗe baki. "Shi yaz zo na biyu ga gwaji. Hassada ta, yallaɓai."

Sodangi ya tura Saje Gazali, tsohon ɗan sanda mai babur da ke tari kafin ya tashi, ya je ya zo da Jafar. Shi kuma ya bi su gidan Alhaji a Gidan Dare.

A wani ɗaki da ke zaure ake ajiye keken. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Alhaji ya ce ɓarayin zamani ba sa fasa kwaɗo, lallashinsa suke yi. Daga nan ya shiga ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa ya taɓa tuƙa keke daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi ya dawo bai sha ruwa ba. Amiru ya sunkuyar da kai. Da gani 'yan ƙungiyar sun haddace labarin.

Da Alhaji ya shiga cikin gida, Amiru ya nuna ƙusar da ke bango. Ba keken kaɗai aka ɗauka ba, har da hular kwano, da baƙin tabarau, da takalman tsere.

Sodangi ya tambayi abin da ɓarawo zai yi da tsohon takalmi.

Amiru ya ce fedar keken tsere ba irin ta sauran kekuna ba ce. Takalmin yana da wani ƙarfe a ƙasa da ke shiga cikin fedar ya kulle. In ka taka ya ce ƙas, to kai da keken kun zama abu ɗaya. Ba ka fitar da ƙafa sai ka murɗa dunduniya waje. Wanda bai sani ba, da ya ja birki ya tsaya sai ƙasa, shi da keken gaba ɗaya. Da aka sayo keken kowa a ƙungiyar ya gwada shi, kowa kuma ya sha wannan faɗuwar a makon farko.

Sodangi ya koma ofis ya tarar da Jafar a bayan kanta, ƙato mai lodin buhu a kamfanin siminti na Kalambaina. Jafar ya rantse bayan sallar asuba masallaci ya zauna yana lazimi har rana ta fito.

Sodangi ya matso ya dubi kunnensa.

"Wane masallaci ne ake shafa wa mutane siminti a kunne?"

Jafar ya shafa kunnen, sannan ya roƙi kada maganar ta kai ga Alhaji. Atisaye ya fita, ya laɓe a bayan tirelar siminti tana yanka masa iska yana bin ta a guje. Ƙungiya ta hana wannan tun da wani ya kusa shigewa ƙarƙashin mota, duk wanda aka kama kora ce. Ya ba da sunan direban, aka buga waya, direban ya ce ƙwarai, ya ga mahaukacin a madubi tun daga Kalambaina.

Alhaji ya yi ta bugo waya yana cewa kada a saki Jafar. Sodangi ya ce Jafar ya ɗan ƙara zama, ya sa aka sayo masa shayi.

Da hantsi ya hau bayan babur ɗin Saje suka bi masu sana'ar safe a bakin titi. A wani shataletale suka sami Ashatu mai masa tana kankare tanda. Tun kafin su gama tambaya ta fara dariya, har sai da ta ajiye cokali.

Ta ce gari na wayewa wani mutum ya ɓullo a kan siririn keke. Ya sa hular kwano da baƙin tabarau, ya naɗe baki da rawani, ya tattare jallabiya ya cusa a wando. Ya shiga shataletalen ya yi ta zagayawa bai fita ba. Masu jiran masa suka ɗauka wasa yake nunawa, suka hau tafi.

"Shina magana?" in ji Sodangi.

"Awo. Shina ta cewa, ku tare ni, ku riƙe ni don Allah. Mu ko munka ce kirari na. Masu babur 'yan kabu-kabu har hon sunka yi mai."

Ta ce mai ba da hannu ya ɗaga masa hannu ya tsaya, mutumin ya ba shi haƙuri ya wuce. Daga ƙarshe wata motar itace ta shigo, ya kauce mata, sai ya miƙe hanyar jami'a.

"Siriri ne ko mai jiki?"

Ashatu ta ce sirdin keken dai ba a ganinsa sam.

A kan babur Saje ya ce shi bai taɓa jin ɓarawon da ke roƙon a kama shi ba. Sodangi ya ce shi ma haka, kuma duk ɗan ƙungiya ya san yadda ake cire ƙafa, don haka ba Jafar ba ne, ba kuma sauran ba.

Suka bi hanyar suna tambaya. Mai faci ya gan shi. Mai rake ya gan shi, ya ce har sallama ya yi masa da muryar kuka. A Kwalkwalawa labarin ya yanke, a daidai wata bishiyar darbejiya inda hanya ke gangarawa fadama. Wani dattijo na zaune a ƙarƙashinta kan buzu, fuskarsa a murtuke. Aka ce musu Malam Mamman ne, kuma kullum a nan yake tun daga asuba.

Sodangi ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Mamman ya ce bai ga keke ba, bai ga kowa ba, idonsa ma ba ya gani sosai.

Sodangi bai matsa ba. Ya juya ga Saje ya ce ai mutanen yanzu sun lalace, mutum ya wuce dattijo a kan abin hawa ko sauka ba zai yi ya gaisar ba.

Gemun Malam Mamman ya fara rawa.

Ya ce shi abin da ya ƙona masa rai ke nan. Da baƙo ne da bai damu ba. Amma mutumin da tun da aka haɗa zuri'a bai taɓa wuce shi ko a mota ba sai ya fito ya tuɓe takalmi, yau ya zo ya wuce shi fiu a gaban jama'a, yana ihu wai Baba a gahwarce ni, ba ni iya sabka.

"Ashe kun san shi, Baba. Wane ne?"

Dattijon ya kau da kai. "Ban hwaɗin sunanai. Tun randa anka ɗaura aure ban taɓa hwaɗi ba, ba kuwa yau za ni hwarawa don ɗan sanda ba."

"Surukinku ne ke nan."

Malam Mamman ya yi kamar bai ji ba.

"'Ya'ya mata nawa kuka aurar, Baba?"

"Ɗiya guda gare ni," in ji dattijon, "ta hwari. Gidan Dare take."

Saje ya yi tari irin na babur ɗinsa.

Sauran bayanin bai yi wuya ba. Mai keken ya gangara fadama, hanya ta ƙare, ya faɗa gonar shinkafa da aka yi wa ban ruwa. Manoma suka zaro shi daga cikin takalman, ya hau kabu-kabu da safa. Malam Mamman ya sa aka ɗauko keken aka ɓoye a rumbunsa don kada surukinsa ya zama abin hira a kasuwa. Da aka fito da shi, laka ce tun daga kai har taya, takalman nan biyu na maƙale a feda suna lilo.

Bayan an sauko daga Juma'a, Sodangi ya tara su a ofis. Alhaji ya zo, har yanzu a tsaye. 'Yan ƙungiya sun cika taga. Saje ya turo keken ciki.

Amiru ya durƙusa ya juya tayoyin, ya taɓa sarƙa, ya matsa birki. Ba abin da ya karye. Ya sauke ajiyar zuciya.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, ga shi Jafar ya ji matsi ya fito da kaya.

"Alhaji," in ji Sodangi, "ku da kuka je Birnin Kebbi a keke, ku taimaka ku cire mana takalman nan daga feda. Mun kasa."

Alhaji ya sunkuya da ƙyar. Ya ja takalmin sama. Ya ja shi baya. Ya dafe sirdi ya fizga har keken ya tashi daga ƙasa. Gumi ya keto masa. Amiru ya miƙa hannu ya murɗa dunduniyar takalmin kaɗan, ya ce ƙas, ya fita.

Alhaji ya daɗe yana kallon takalmin.

"Haka kawai?" ya ce a hankali.

Sodangi ya ce Malam Mamman yana gaishe shi, kuma yana jiran ya zo ya sauka.

Nan Alhaji ya manta da likita ya zauna a benci, ya zabura ya miƙe yana dafe da ƙugu, sannan ya faɗi gaskiya. 'Yan ƙungiya ne suka matsa lallai gobe shi zai jagoranci zagayen buɗe tsere a gaban manyan baƙi, tunda shi ne tsohon gwani. Shi kuwa rabonsa da keke tun yana kai wa mahaifinsa abinci Kara, kuma Birnin Kebbi a motar shanu ya je. Ya ce bari ya gwada da sassafe ba wanda ya gani. Ya dafa bango ya hau, ya taka, ya ji ƙas, ƙas. Daga nan bai sake mallakar ƙafafunsa ba sai a gonar shinkafa.

Ya yi niyyar ɗauko keken da yamma a maido shi shiru. Sai ga Amiru ya zo da wuri zai wanke shi, ya tarar da ɗaki wayam, ya tara unguwa. Da aka ce a tafi wurin 'yan sanda, sunan Jafar ne ya fara zuwa bakinsa.

Sodangi ya ce hawan keken da mutum ya saya ba laifi ba ne, faɗawa shinkafa ma tsakaninsa ne da mai gona. Amma kawo ƙarar ƙarya da sa a tsare wanda bai ji ba bai gani ba, wannan sai ya yi wa Difi'o bayani a rubuce. Ya sa aka buɗe wa Jafar kanta.

Amiru ya kama keken zai fita. Saje ya dafe sirdin ya ce ina, wannan yanzu kayan shaida ne, ba ya barin idon hukuma sai an gama magana, wataƙila mako mai zuwa.

Amiru ya saki keken. Ya dubi Sodangi.

Sodangi ya shafa haɓa. Ya ce Saje ya yi gaskiya, kayan shaida ba ya barin idon hukuma. Saboda haka gobe Amiru zai hau keken, Saje kuma zai bi shi a babur daga Sakkwato zuwa Wamakko ya dawo, kada ya kuskura ya ɗauke ido daga kansa.

Saje ya ce yallaɓai, babur ɗin nan ba ya gudu.

"To ka kwana kana gyara," in ji Sodangi. "Yanzu kai Alhaji ciki."

Saje ya kama hannun Alhaji Tukur suka nufi ofishin Difi'o, ɗaya na ɗingishi, ɗaya na ƙunƙuni. Amiru ya ɗaga keken ya saɓa a kafaɗa, laka na ɗiga a rigarsa, Jafar ya riga shi fita neman bokiti.