Ƙashin da Ya Sauya Dangi

Ranar da ta fara ganinsa, hannunsa ta tarar tsundum a durowar da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Sabon ma'aikaci ne a gidan adana kayan tarihi, wanda ake kira Dogo. Ya ɗauko ƙashin wata ƙaramar dabba da ya daɗe da komawa dutse, yana jujjuya shi a bakin taga.

"Malam, wa ya aike ka? Ajiye!"

"Yi haƙuri, Malama. An saka shi inda ba gidansa ba. An rubuta dangin dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tuntuni, amma ni ina ganin ya fi kusa da ƙadangarun nan masu fiffike na zamanin da."

"Mahaifina ne ya rubuta, tun kana rarrafe!"

Ita ce mai fitar da ƙasusuwa daga dutse a gidan, da tsinken ƙarfe da burushi. Mahaifinta kuwa Farfesa ne, kuma a kan wannan 'yar dabbar ya yi suna.

Don ta kunyata Dogo ta ɗauko ƙoƙon kan dabbar, wanda har lokacin yake maƙale a dutse, ta shiga sassaƙa. Kullum sai ya zo ya tsaya mata a kai, kullum sai ta kore shi. Shi ya laƙaba mata Barkono, ita kuma ta ce masa Sarkin Gardama. Ba ta san lokacin da ta fara duba ƙofa in ya makara ba.

Da aka saka ƙoƙon a na'urar ɗaukar hoton cikin ƙashi, sai ga hanyoyin cikin kunnen sun lanƙwasa irin na masu fiffiken. Ta daɗe tana hararar Dogo.

"Na tsane ka," ta ce.

"Ni kuma aurenki nake so, Barkonona."

Ta wurga masa burushi, amma ba ta ce a'a ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ita za ta fara gaya wa Baba maganar ƙashin da ta auren, a hankali.

Sai dai akwai wani ɗalibin Farfesa da ya daɗe yana sonta tana share shi. A taron ma'aikata ya miƙe ya ce wa Dogo, "Wato kana nufin aikin Farfesa kuskure ne?" Dogo, da bakinsa ba ya da birki in ana maganar ƙashi, ya ce, "A wannan wurin, eh." Kafin la'asar ɗalibin ya kai wa Farfesa labarin taron da na soyayyarsu, har da ƙarin gishiri.

Ta tarar da Baba a falo yana huci.

"Yaron da ya tozarta ni a gaban ɗalibaina shi za ki kawo min gida? Ke kuma da hannunki kika tono masa makamin! Muddin ina numfashi, babu wannan aure."

Ta shige ɗaki ta rubuta wa Dogo saƙo: "Abu ɗaya na roƙe ka, ka kasa. Ka ci gardama, ka rasa ni. Kar ka ƙara kira na."

Amsa ta shigo: "Na yi laifi, Barkonona. Ba zan ce ƙashin ya yi ƙarya ba, amma bakina ya yi gaggawa. Ki bar ni in zo in durƙusa."

"Durƙusa wa durowarka," ta mayar.

Ta daina yi masa magana, a gida ma gaisuwa kawai take yi. Umma ce ta gaji.

"Baban yara, yarinya ta rame a kan dabbar da ko kabarinta ba a sani ba! Kai ka koya mata duba ƙashi. Ka duba mana, ko tsoro kake?"

Farfesa ya fusata, ya ce a kawo hotunan. Yini guda ya kulle kansa. Da ya fito ya ce a kira masa "wannan marar kunyar".

Dogo ya zo ya zube a ƙasa.

"A maganar kunne gaskiyarka ce," in ji Farfesa yana buga tebur. "Na gani, ba makaho ba ne ni. Amma ƙashin ƙugun fa? Ka tsallake shi kamar ba ka gan shi ba! Haka aka koya muku aiki?"

"Ban gama da shi ba, Baba. Da za ka taimaka..."

"Wa ya ce ni babanka ne?" Ya juya ga 'yarsa da ke bakin ƙofa. "Ke, har yanzu kina son wannan?"

"Haushinsa nake ji, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Amma ina so."

Farfesa ya yi tsaki mai tsawo. "Je ka turo manyanka. Maganar ƙugu kuwa ba mu gama ba."

Ranar ɗaurin aure Farfesa ya haɗa hannuwansu, ya yi gyaran murya da ƙarfi, ya dubi Dogo.

"Ka riƙe min ita da kyau, ta fi duk abin da na taɓa tonowa daraja. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Umma ta share hawaye ta ce amin, ɗaki ya amsa gaba ɗaya.