Wandon Malam Tanko

Zaren ya tsuke a hankali kamar jijiya, sai gwiwar Malam Tanko ta hagu ta ɗago daga kan keken guragu. Shi kansa sai da ya zabura. Ya tsura wa ƙafar ido kamar ta wani ce aka ara masa.

"Baba, kai ka ɗaga ta," in ji 'yarsa Dakta Uwani, wadda ke durƙushe a gabansa da allon sarrafawa a kan cinya. "Ni ban taɓa komai ba. Yi niyyar ɗaga ɗayar."

Ya yi niyya. Ta dama ma ta ɗago.

A tsakar gidansu suke, cikin tsohuwar unguwa a Gusau, inda jirgin lantarki ke shuɗewa ta kan doguwar gada a saman rufin gidaje, kaji kuma na kiwonsu a ƙasa ba ruwansu. Malam Tanko magini ne a da. Tun Uwani tana sakandare ya faɗo daga bene, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa komai ya mutu. Saboda wannan ta karanci kimiyyar kayan ƙira, kuma abin da ta kawo gida yau shi ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa.

A ido wando ne kawai, baƙi wuluk, mara nauyi, wanda ake sawa a ƙarƙashin tufafi. Amma zarensa ba na auduga ba ne. Daga kabon aka yi shi, sinadarin nan da ke cikin gawayi da bakin fensir. Idan aka shimfiɗa ƙwayoyin kabon falle ɗaya tak, suka sarƙe da juna kamar saƙar zuma, shi ake kira girafin. Idan aka naɗe fallen ya zama ɗan bututu, siririn da gashin kai ma gungume ne a kansa, an sami nanotub. Ya fi ƙarfe wuyar tsinkewa nesa ba kusa ba, ga shi lantarki na gudu a cikinsa fiye da yadda yake gudu a jan ƙarfe. Uwani da abokan aikinta suka murza miliyoyin bututun suka zama zare, suka ba shi suna zaren gawayi. Da an sakar masa ɗan lantarki sai ya tsuke, da an ɗauke sai ya saki, daidai yadda tsokar mutum ke yi. A gadon bayan Malam Tanko kuma, sama da inda ciwon yake, ta manna fallen girafin da ke tsinkayar saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikowa, ya tsallakar da shi zuwa wandon.

"Uwata, in tashi?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Tashi, Baba. Amma a hankali."

Zaren yana da ƙarfin da zai iya karya ƙashin tsoho idan lissafinta ya kuskure, kuma ba ta gaya wa kowa wannan fargabar ba.

Ya dafa hannun keken, ya yi bisimilla, ya miƙe. Matarsa Inna Kande, da ke bakin ƙofar ɗaki riƙe da faifai, ta saki faifan, gero ya watse.

"Ashe haka kake da tsawo, Malam? Wallahi na manta!"

Daɗi ya kwashe shi, ya kai ƙafa zai yi taku da ƙarfinsa na da. Wandon kuwa ya ba shi abin da ya nema har da ƙari. Ƙafar ta yi gaba kamar ta ɗan ƙwallo, ta sami buta, butar ta tashi sama ta haye katanga. Kaji suka tarwatse. Daga gidan maƙwabta aka ji wata murya tana tambayar wane ne ke jifa.

Uwani ta yi maza ta rage ƙarfin lantarkin, amma dariya ta ci ƙarfinta. Malam Tanko na dariya har da riƙe ciki, Inna Kande ta rangaɗa guɗa. Kafin a jima gida ya cika. Ya zaga tsakar gidan, ya leƙa madafa, ya shafa katangar da ya gina da hannunsa, ya ce an bar ta ta tsage. Duk wanda ya shigo sai ya taka ya tarye shi har zaure, ko da jikansa ne.

Da aka kira la'asar sai ya juya ya dubi matarsa.

"Kande, shimfiɗa mini darduma. A ƙasa."

"Baba, ban gwada shi a kan wannan ba," in ji Uwani. "Durƙuso ya fi tafiya wuya. Nauyinka duka zai koma kan gwiwa. Ka bari sai na..."

"Uwata, tun kina 'yar makaranta goshina bai taɓa ƙasa ba."

Inna Kande ta shimfiɗa dardumar. Aka aro buta ya yi alwala, ya fuskanci gabas ya kabbarta a tsaye. Idon Uwani na kan allo. Ya yi ruku'u, zaren ya riƙe. Ya ɗago. Sannan gwiwoyin suka fara lanƙwashewa, layin da ke nuna nauyi ya yi ta hawa har ya kusa jan layin gargaɗi, ya tsaya a nan. Goshin Malam Tanko ya sauka a kan darduma.

Bai ɗago ba. Aka jima bai ɗago ba. Uwani ta ɗauka zaren ne ya cije, ta kai yatsa za ta yanke wutar, sai Inna Kande ta riƙe mata hannu.

"Ƙyale shi. Ba wandonki ba ne."

Sai a lokacin ta lura da kafaɗunsa suna girgiza. Can ya ɗago da kansa, gemunsa jiƙe, ya ƙarasa sallarsa.

Kafin damina ta zagayo, wandon ya shiga asibitocin ƙasar. Uwani ta ga mata da maza da suka fid da rai suna takawa zuwa kasuwa, ta ga wata malamar makaranta ta koma aji a tsaye. Mahaifinta kuwa ba ya zama, kullum yana gidan biki ko gidan gaisuwa, Inna Kande har ƙorafi take yi cewa a da ta fi ganinsa.

Daga baya masu lafiya suka fara saye. 'Yan dako suka fara, Uwani ta ga uzurinsu. Sai samari, don hawa bene ba haki. Likitoci suka soma kawo rahoton matasa da ƙafafunsu suka sirance, waɗanda in sun tuɓe wandon sai sun dafa bango.

Wata safiya wata mata mai suna Hajiya Zulai ta shigo ofishinta da ɗan yaronta ɓul-ɓul, ta ajiye shi a kan kafet.

"Dakta, aunawa za ki yi. Ƙaramin wandon nan naku nake so a ɗinka masa."

"Me ke damun ƙafarsa, Hajiya?"

"Lafiyarsa lau. Rarrafen ne na ga yana ɓata masa lokaci. So nake ya riga sa'o'insa tafiya. In ba za ki yi ba ki gaya mini, akwai masu yi."

Uwani ta san gaskiya ta faɗa, akwai masu yi. Ta kai dubanta ƙasa. Yaron ya riga ya rarrafa har gindin tebur. Ya kama ƙafar teburin da hannu biyu, ya yi nishi, ya ja jikinsa sama, ƙafafunsa na karkarwa. Ya tsaya kamar ƙiftawar ido, ya faɗi zaune daɓas. Ya dubi matan biyu, ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake miƙa hannu.

Uwar ta sunkuya za ta ɗauke shi.

"Hajiya, don Allah dakata," in ji Uwani. "Bai gama ba."