Ƙugun Itace Mai Sunan Josuel

Josuel yana tsakiyar cin shinkafa da wake matarsa Ivonete ta shigo, ta ture kwanon gefe, ta dire masa wani guntun itace a kan tebur. Ƙugun mutum ne aka sassaƙa, daga cibiya zuwa cinya, kuma an rubuta sunansa a jiki da shuɗiyar tawada.

Cokalin ya tsaya masa a hannu.

"Nete... a ina kika samo wannan?"

"A inda kuka ajiye shi."

Mahaifiyarsa, Dona Zuleide, ta fito daga kicin da butar kofi. Tana ganin itacen ta yi alamar gicciye a ƙirji. Duk garin Canindé, daga mashayi har ɓarawon akuya, babu wanda ya taɓa miƙa hannu ya ɗauko abin da aka riga aka kai wa waliyyi Francisco. Ga shi yau sarakuwarta ta ɗauko da rana tsaka, ta rungumo shi ta tsakiyar kasuwa ko rufewa ba ta yi ba.

Shekara huɗu ke nan da aurensu. Josuel mai fentin manyan motoci ne, ita kuwa a rumfar mahaifinta take, Baba Firmino, suna sassaƙa ƙafa da hannu da kai na itace. Wanda ya yi wa waliyyi alkawari yana ciwo, in ya warke sai ya saya siffar gaɓar ya kai ɗakin godiya na coci. A rumfar suka haɗu. Ya zo sayen hannun itace don wata gwaggonsa, ya yi ta ciniki har rana ta faɗi, ashe ba hannun ya kawo shi ba.

Bara ne ya fara fitsarin jini. Ya ɓoye wata biyu, irin halin maza, sai da ta gani da idonta. A babban asibitin birnin Fortaleza aka ce ciwon daji ne a mafitsara, ya riga ya kama tsoka. Wata likita mai gajeren gashi ta zaunar da su ta yi musu bayanin wani gwaji da ake yi: za a riƙa ɗura masa magani ta jijiya wanda zai tada garkuwar jikinsa ta yaƙi ciwon, a haɗa da gashin na'ura a mara don ƙone ciwon, sannan bayan mako shida a yi aiki a cire mafitsarar gaba ɗaya. Ta maimaita musu har sau biyu cewa maganin da gashin share fage ne kawai. Ko hoto ya nuna babu komai, hoto ba ya ganin duk abin da ke ciki.

Ivonete ta riƙe maganar nan kamar karatun coci. Duk ranar asibiti ita ce ta farko a motar da ƙaramar hukuma take kwasar marasa lafiya da ita. Ita take ƙirga masa kofin ruwan da zai sha kafin gashi. Ita take hana shi goge ɗigon tawadar da aka yi masa a mara don saita na'ura, tana tsokanarsa wai yau mai fenti ne aka yi wa fenti. Da zawo ya sa shi gaba, da ƙuraje suka feso masa, da ya rame har wandonsa yana zamewa, ba ta taɓa bari ya ga hawayenta ba. In ya samu barcin rana sai ta ja keken ɗinki can bayan gida, ta yi ta wani ɗinki da ba ta nuna wa kowa ba, ta kulle shi a aljihun ƙasa na durowa.

Sai hoto ya fito fes. Ranar karɓar sakamako zazzaɓi ya kwantar da ita, Dona Zuleide ce ta raka shi. Suka dawo da fara'a, ya ce mata ciwon ya ɓace daga hoto, aikin kuwa an ɗaga saboda babu gado, za a kira su. Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Mijinta ne. Wata biyu da rabi tana kwana da waya a gefen matashi, tana zagin asibitin da bai ji ba bai gani ba.

Yau da safe wata tsohuwa da ta zo ziyara daga nesa ta sayi ƙafar itace, ta ce ba za ta iya hawa matakalar coci da ita ba. Ivonete ta ɗaukar mata. Tana ajiyewa cikin tulin ƙafafu da kawuna idonta ya faɗa kan ƙugun nan, da wata 'yar takarda a liƙe: "Josuel ya warke ba tare da wuƙa ba. Mun gode." Kwanan watan da aka rubuta shi ne ainihin ranar da aka sa za a yi masa aiki.

A kan matakalar cocin ta kira asibiti. Nas ɗin da ta ɗauka ta gane muryarta nan take, ta yi mamaki ma da tambayar. Ta ce ai shi da mahaifiyarsa suka zo, ya sa hannu cewa ba ya son aikin, sun yi ta kira ba a ɗauka. Ivonete ta ce ita ba wanda ya kira ta. Nas ta karanto mata lambar da ke fayil. Lambar Dona Zuleide ce, an soke tata.

Yanzu ga su a tebur, kofi yana hucewa.

Dona Zuleide ce ta fara magana, da ƙarfinta kuwa. Ta ce ita ta yi alkawarin, a kan gwiwoyinta ta zagaya coci sau uku, waliyyi ya amsa, ga hoto shaida. In aka bari wuƙa ta taɓa shi bayan haka, an ce wa waliyyi ba a yarda da aikinsa ba ke nan. Ivonete ko kallonta ba ta yi ba. Da mijinta take.

"Ka kalle ni, Josuel. Wata biyu da rabi kana kwana kusa da ni kana jin ina tambayar waya."

"Kin san abin da za su cire kuwa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba mafitsara kaɗai ba ce. Zan tashi da jaka a ciki, fitsari yana zuba ba da sanina ba. Ba haihuwa, Nete. Wataƙila ba zan ƙara zama miji a gare ki ba. Shekarunki ashirin da tara..."

"Ina zaune aka faɗa. Na ji."

"Don ke na yi, rabin raina."

"Don ni? Ka tambaye ni?"

Ya kawar da kai. Wannan ya fi ƙaryar yi mata ciwo, domin ta gane bai taɓa kawo tambayar a ransa ba. Ya zauna shi kaɗai ya auna soyayyarta, ya yanke cewa ba za ta kai ba.

Akwai sauran abu ɗaya da ba ta faɗa ba tukuna. Tun a ɗakin godiya ta juya itacen, ta ga 'yar tsagar da ke ƙasansa. Mutum ɗaya ne a garin yake barin irin wannan tsaga, saboda babban yatsansa na hagu guntu ne, wuƙa takan zame masa a wurin.

Ta samu Baba Firmino a rumfa yana goge wani kai. Ya ga abin da ke hannunta, bai yi musu ba. Ya ce Zuleide ta zo masa da kuka, shi kuma shekara arba'in bai taɓa mayar da mai alkawari hannu wofi ba. Daga baya Josuel ya zo ya roƙe shi kada ya faɗa, ya zauna a benci yana hawaye.

"Na tausaya masa ne, 'yata. Namiji ne, na san abin da yake ji."

"Ni kuma fa, Baba? Ni ce 'yarka. Kullum ina zaune a nan gefenka ina cewa asibiti ba su kira ba, kana cewa in yi haƙuri."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza guntun yatsansa. Ta tuɓe rigar aikinta ta rataye a ƙusa, ta fita. Mutum uku take da su a duniya, ukun suka haɗa baki suka rufe ta.

Ba ta bar gidan ba, ko da yake ta so. Ta rubuta sunansa a motar Litinin, ya ƙi fitowa. Ta sake rubutawa, ya tafi garejinsa tun da sassafe. Ita kaɗai ta je Fortaleza sau biyu, ta roƙi likita a riƙe masa wuri. Likitar ta ce ƙofa a buɗe take, amma ba za a ɗaure babban mutum a kawo shi ba, kuma kowane mako yana da muhimmanci.

Abin haushi, jikinsa sai kyau yake yi. Ya yi ƙiba, ya koma fenti, har ƙwallo yake bugawa ranar Lahadi. Mata suna tare Dona Zuleide a hanya suna taya ta murnar al'ajabi. Ivonete kuwa ta zama matar da ta yi wa waliyyi sata. In ta shiga layin burodi sai hira ta mutu. Ta kulle itacen a aljihun durowa tare da ɗinkinta, ta ce ba zai koma ba sai an yi aiki. Wani lokaci takan kalle shi yana dariya da abokansa ta ce a ranta, Allah ya sa ni ce na yi kuskure.

Da damina ta kankama jinin ya dawo, ciwon baya ya biyo shi. Dona Zuleide ta tsaya a tsakar gida, maƙwabta suna ji, ta nuna ta da yatsa.

"Ke kika jawo! Kin ƙwace wa waliyyi abinsa, ga shi ya karɓe nasa!"

Josuel yana kwance a ragar lilo, yana jin komai. Wannan karon ya ɗago kai ya ce wa uwarsa ta bari haka nan, shi ya sa hannu a takarda, ba Nete ba. Washegari da kansa ya riga ta shiga mota. Sai dai wata bakwai sun wuce. Likitar ta daɗe tana duban hoton kafin ta juyo. Ta ce ciwon ya shiga ƙashi, aiki ba zai amfana ba yanzu, za a yi ƙoƙarin rage masa zafi. Ba ta ce da an yi a kan lokaci da lallai ya tsira ba, ta ce da yana da dama mai kyau. Ivonete ta ji kalmar nan har cikin ƙashinta.

Ta yi jinyarsa kamar yadda ta yi ta farko, tana ba shi ruwa a cokali, tana juya shi, tana goge masa jiki. Fushin bai tafi ba, son ma bai tafi ba, su biyun suka zauna mata a ƙirji. Baba Firmino yakan zo da yamma ya zauna a bakin ƙofa da hula a hannu, takan miƙa masa kofi ba tare da magana ba. Dona Zuleide ta daina zuwa kusa da ita, sai dai Ivonete ta ji kukanta a kicin.

Wata la'asar, ruwa ya ɗauke, Josuel ya kamo hannunta. Yatsunsa sun zama kamar tsinke.

"Nete... da na tambaye ki, me za ki ce?"

Ta zare hannunta daga nasa a hankali. Sai ta tashi ta ɗauko makulli, ta buɗe aljihun ƙasa na durowa. Ta ture itacen gefe, ta kwaso ɗinkin ta zube masa a ƙirji. 'Yan jakunkuna ne na yadi mai laushi guda shida, kowace da ɗamarar da za ta zagaye ƙugu, daidai girman jakar fitsarin da nas ta taɓa nuna musu. Biyu farare don zuwa coci. Uku masu duhu don gareji. Ta shida ta yi ta da launin ƙungiyar ƙwallonsa, har da lambar da yake so.

"Tun kana gashi na ɗinka su. Na so in ba ka ranar da za ka farka daga aiki, in ga dariyarka."

Ya ɗaga ta ƙwallon yana juya ta, yana shafa ɗinkin da yatsa. Ya kifa yadin a fuskarsa, kafaɗunsa suna girgiza.

"Ki yafe mini, masoyiyata..."

"Na yafe." Hawayen da ta shekara tana ɓoye masa suka zubo. "Amma da ka tambaye ni, Josuel. Tambaya ɗaya ce."

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Da aka zo shirya shi, Dona Zuleide ta kasa buɗe hannunsa na dama, ta kira Ivonete da muryar da ba ta taɓa kiranta da ita ba. Jakar ƙwallon ce a dunƙule a ciki, sabuwa fil, ba a taɓa sa ta ba. Ivonete ta ce a bar masa.